Abin da aikin duba makarantun firamare ya koya mini a birnin Kano

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta shimfiɗa tsari mai kyau a takarda: hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) a Abuja, takwararta SUBEB a jiha, sannan ofishin sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, kuma Kano tana da guda 44. A ƙarƙashin ofishin sakataren ilimi na yi aikin duba makarantu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ikon da ke riƙe da makarantar gwamnati a zahiri yana hannun mutanen unguwa, duk da cewa ba su suke biyan albashi ko naɗa shugaban makaranta ba.

A Amurka, yawancin gundumomin makarantu suna samun kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidajen yankin, kuma mazauna wurin ne suke zaɓen masu kula da su. A nan kuwa, daga kason ƙaramar hukuma ake cire albashin malaman firamare, don haka uba ba ya ganin inda kuɗinsa ya shiga, sai ya riƙa cewa "makarantar gwamnati" kamar yana maganar kayan wani. Iyakokin ma ba su dame shi ba, domin yaron da gidansu yake Gwale yana iya tsallaka titi ya yi karatu a Dala, alhali ofis yana lissafinsa ta wata fuska dabam.

Inda kwamitin kula da makaranta yake da rai, wato akwai mai unguwa da liman da wakiliyar iyaye mata a cikinsa da gaske, bambancin ba ya ɓuya. Idan iskar farkon damina ta yaye kwanon aji, takardar shugaban makaranta takan bi ofis-ofis har ruwa ya ɗauke. Amma na ga inda liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i, washegari wani ɗan kasuwa ya aiko da bandir ɗin kwano, kafintan unguwa ya hau sama bai karɓi ko sisi ba, yara kuma suka dawo daga gindin darbejiya.

Batun zuwa makaranta ya fi wannan wuya. Gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, sai dai babu sanarwar da ta san dalilin da ya sa wata yarinya take shigowa aji bayan tara da farantin tallan ƙosai a ɓoye cikin hijabi. Wakiliyar mata ce ta sani, ita ce kuma take iya shiga gidan ta ce wa uwar, "Yaya, a bar ta ta fara zuwa, ni zan nemo mai karɓar tallan." Mai duba makaranta namiji iyakarsa zaure.

Haka kuma makarantar da ta daidaita lokutanta da na allo da Islamiyya takan riƙe ɗalibanta, domin a Kano uba ba zai zaɓi boko ya bar karatun Alƙur'ani ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Shi ya sa a yanzu, kafin in buɗe rajistar kowane aji, nakan nemi littafin taron kwamiti, in duba ranar zamansu na ƙarshe da sunayen waɗanda suka sa hannu.