Farar tumfafiya a Dadin Kowa

Tsuntsayen ruwa ne suka fitar da ni daga Gombe da sassafe. Dadin Kowa ba nisa, tafiyar ƙasa da awa guda ce a kan hanyar Biu, sai dai a Kwadon direba ya tsaya lodin buhunan albasa, muka ƙarasa cikin warinta.

Tun da aka datse kogin Gongola a 1984, wurin ya zama matattarar tsuntsaye. Ga balbela birjik a gonakin shinkafa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, can tsakiyar ruwa kuma garken kirinjijiya sai fito suke yi. Amma waya ba ta da dogon hannu. Duk tsuntsun da na ɗauki hotonsa sai ya fito ɗan ɗigo. Da na yunƙura zan kutsa cikin ciyawa, wani masunci ya ɗaga murya daga kwalekwale: "Malam, dawo! Nan dorina ke kiwo."

A wajen ja da bayan ne na yi kiciɓis da tumfafiya, wadda ko a bayan gidanmu akwai ta. A ƙarƙashin wani ganye fara ta lafe, jikinta rawaya da zane-zane. Farar tumfafiya ba ta gudun mutum. Ganyen da take ci mai dafi ne, dafin ya zauna a jikinta, tsuntsu kuwa ya san wannan launin ba na ci ba ne. Ga sanyin safiya ya daskarar da ita. Na durƙusa, na juya wa rana baya, na kai wayar kamar taƙi ɗaya daga gare ta, na riƙe numfashi. Har ƙayoyin ƙafarta suka fito ɗaya bayan ɗaya. A gefenta furannin sun buɗe, farare masu bakin shunayya, zuma na shiga tana fita.

Wani dattijo mai ban ruwa ya jingine fartanya yana kallona.

"Ɗan nan, me za ka yi da hoton farar da ko yara ba sa kamawa?"

"Baba, duba ka gani."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce tun yana yaro yake karkaɗe ta daga riga, bai taɓa sanin tana da ado haka ba. Daga nan ya nuna mini wani gawo a ƙarshen gonarsa, ya ce in je, tunda damina ta wuce ya fara sabon ganye, kuma cilakowa ba ta rabuwa da shi da hantsi.