Ranar da na hau Hada ba da Giwa ba

Asabar, Jidda.

Tun kafin kiran assalatu idona ya bushe. Na sauko ƙasan bene da jallabiyar barci, na tsaya ina kallon babura biyu a inda kullum guda ɗaya ke kwana. Ga Giwa can jikin bango, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado, ta cinye rabin wurin kamar yadda ta saba. Ga kuma baƙon da ya shigo ran Alhamis, ya raɓe kusa da mitar wuta sai ka ce almajirin da bai san gidan ba tukuna.

Giwa sunan da Hajiya ta raɗa wa Honda Gold Wing ɗina ne, ƙirar 2012, tun ranar da na shigo da ita layinmu yara suka biyo ni da gudu. Shekara bakwai muna tare. Yau da dare mai ita zai zo ya ɗauka, don tun jiya sunansa ne a kan istimara, wato takardar rajistar babur ɗin. Baƙon kuwa Yamaha FJR1300 ne, na hannu, ƙirar 2016. Kuɗin da na cika ba zan rubuta shi a nan ba, Hajiya takan leƙa wayata.

Duk wanda ya tambaye ni dalilin canjin sai in ce nauyi, kuma ban yi ƙarya ba. Giwa da cikakken tanki ta haura kilo 400. Wannan kuwa wajen 290 ne. Bambancin ya fi buhun shinkafa biyu masu kilo hamsin-hamsin. Amma a yi mata adalci, in tana tafiya ba ka jin nauyin nan ko kaɗan, domin injinta mai silinda shida a kwance yake can ƙasa, uku dama uku hagu, tankin mai kuma yana ƙarƙashin mazauni. Da ta fara mirginawa sai ta zama kamar jirgin ruwa a kan kogi mai sanyi. Rigimar tana wurin tsayawa ne, da wurin juyawa a lungu. Azumin bara, ana saura minti kaɗan a sha ruwa, na tsaya ƙofar bakala, wato kantin unguwa, sayen laban, nonon da ake sha a nan, ƙafata ta hagu ta taka yashi a kan kwalta, ta zame. A hankali Giwa ta kwanta, ba ko ƙara, kamar raƙumi zai durƙusa. Na juya mata baya na kama kai da ƙarfen kujera yadda ake koyarwa, na yunƙura sau biyu, gwiwata ta ce ƙas. Sai da mai bakalar da wasu samari biyu masu kai saƙon abinci suka taru muka ɗaga ta. Ɗayansu ya ce, "Ya ammi, wannan ai mota ce, ka saya mata taya biyu ka huta." Na yi dariya tare da su. Da na koma gida ban ci abincin kirki ba. Shekarata hamsin da uku, kuma tun daga ranar duk inda zan tsaya sai na riga na duba ƙasa tun daga nesa, kamar mai neman allura.

Wannan shi ne dalilin da ake faɗa wa mutane. Akwai na biyu, zan zo kansa.

Bayan sallar asuba abokin tafiyata ya iso. Bahaushen Sudan ne, asalin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nil, cikin zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, rabi Larabci ya cinye ta. Ya zagaya sabon babur ɗin sau biyu, ya ƙwanƙwasa akwatin gefe da ɗan yatsa, ya ce, "Yaya, ka saki uwargida ka auri yarinya." Na ce ya rufa mini asiri, tagar ɗakinmu a buɗe take.

Muka sha mai 95 a mahaɗɗa, wato gidan mai, lita a riyal 2.33. Tankin lita 25 ne, daidai da na Giwa, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali kenan. Muka kama babban titin Makka rana ba ta fito ba, za mu Hada, can saman dutse a hanyar Ɗa'if.

Kilomita talatin na farko ban ji daɗinsu ba, gara in faɗi gaskiya. A kan Giwa zama kake kamar hakimi a zaure, baya a miƙe, hannu a sake, ƙafa a gaba. A nan sai ka ɗan rusuna, gwiwa ta lanƙwashe baya, wani kaso na nauyinka ya sauka a wuyan hannu. Mazaunin ma ya fi tsawo, santimita tamanin da 'yan kai, ita kuwa saba'in da huɗu, shi ya sa a danjar farko na ji ƙafata tana laluben ƙasa. Sai kuma shiru. Shekara bakwai da na kunna Giwa karatu ke tashi daga lasifika, yau ba komai sai iska da kukan inji. Hannuna na hagu ya kai wurin maɓallin rediyo har sau uku, ba rediyon. Abin da na samu a wurin maɓallin gilashin gaba ne, wanda ke ɗaga shi ya sauke shi da lantarki kana cikin tafiya. Na ɗaga shi har ƙarshe, iskar ta bar ƙirjina ta koma saman hular kwano.

Abin da ya fi ba ni tsoro totur ne. Giwa in ka murɗa mata sai ta ja ka da nutsuwa, kamar sa mai jan amalanke. Wannan da ka taɓa shi ya zabura. Silinda huɗu ne kawai, injin ma bai kai nata girma ba, 1298 a kan 1832, amma ya fi ta ƙarfin gudu nesa ba kusa ba, ga shi ba kaya. Kafin shingen binciken Shumaisi na duba agogon gudu na ga lambar da ba zan rubuta ba, na tuna kyamarorin Sahir masu kama gudu ba su san sabo ba, ba su san tsoho ba. Na sa giya ta shida, na danna maɓallin da ke riƙe gudu a wuri ɗaya, na bar wa kaina lafiya. Giwa giya biyar gare ta, don haka sau da yawa yau na manta da ta shidan, sai in ji injin yana ƙorafi.

Muka bi ta gefen Makka a titin zobe, muka wuce kusa da Arfa, fili fetal ba kowa. Duk sanda na wuce wurin nan ba lokacin Hajji ba sai jikina ya yi sanyi. Daga nan duwatsun suka fara tasowa, har muka iso gindin dutsen Kara inda hawan Hada ke farawa.

Wanda bai taɓa hawa nan ba, ya ƙaddara maciji ne aka jefa a jikin dutse. Kwana na bin kwana, daga zafin Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, har ka kai wajen mita dubu biyu sama, inda iska ke sa ka ja zif ɗin riga. Na hau shi da Giwa ya fi sau talatin, kuma kullum da lissafi nake hawa: taka birki tun da wuri, shiga kwana a hankali, kasa kunne ka ji ko matakin ƙafa zai gogi kwalta. In ya goga sai Hajiya ta daki kafaɗata ta baya ta ce, "Alhaji, muna da yara fa."

Yau kwana uku na farko na shige su da lissafin Giwa, babur ɗin yana ta jirana. A na huɗu na ɗan tura kai, na kalli mafita ba gabana ba, sai kawai na ga mun kwanta mun tashi mun fita, ban san sanda aka yi ba. Wallahi dariya na ji ina yi a cikin hular kwano, ni kaɗai, da furfurata. Wannan rusunawar da ta dame ni a miƙaƙƙen titi ashe don nan aka yi ta. Gwiwa ta kama tanki, wuyan hannu ya daina ciwo, tayar gaba tana gaya maka duk abin da ke ƙasa, har ɗan tsakuwar da ruwa ya zubo daga dutse. Giwa ɓoye maka titi take yi, aikinta kenan kuma ta iya shi. Shi wannan ba ya ɓoye komai. Na tuna wata tsohuwar Suzuki ta ƙanen babana a Kano, wadda nake sacewa in ya shiga barcin rana in yi hanyar Wudil da ita ba hula ba takalmi. Rabona da jin irin wannan a ƙirjina tun lokacin.

To, dalili na biyu kenan, wanda ban iya faɗa wa kowa ba sai takarda. Gwiwa ta ba ni hujja ne kawai. Na daɗe ina ƙyashin yaran da ke wuce ni a hawan nan, ina zaune a kan kujerar falo ina jin karatu.

A sama muka tsaya inda masu shayi suke. Birai sun cika bakin titi kamar kullum, wani babba mai gemu ya zauna kan katangar kankare yana ɓare ledar biskit da gwaninta. Na cire safar hannu na ajiye kan tanki, abokina ya daka mini tsawa in ɗauke kafin in koma Jidda da hannu ɗaya. Muka ci gurasar tamis da waken ful da shayi mai na'ana'a, hazo yana tasowa daga kwari, motocin igiya suna wucewa ta samanmu. Lokacin furen wardi ne a Ɗa'if, yara na tallar shi a leda. Na saya wa Hajiya, na zo sakawa sai na tsaya turus. A Giwa akwatuna uku ne, kana zuba kaya kamar but ɗin mota: darduma, filas, kular abinci, rigar sanyi biyu, har da 'yar akwatin ruman in lokacinsa ne. Nan akwati biyu ne ƙanana, ɗaya rigar ruwa da kayan faci sun cika shi. Na lallaɓa furen a ɗayan, na fasa sayen zuma.

Wajen tashi kuma na yi abin kunya. Na faka hancin babur yana kallon gangara, ga katanga a gaba. Na hau, na kunna, babban yatsana ya tafi neman maɓallin ribas. Giwa tana da ribas, da motar sitata take ja da baya a hankali, kuma shekara bakwai ban taɓa tunanin ta ina zan fita ba. Nan babu. Na yi ta dungure da ƙafa ina ja baya kamar agwagwa, abokina yana riƙe da ciki, har mai shayin ya taso ya kama ƙarfen baya ya taya ni. Sai dai ko a nan na lura da abu ɗaya: ya karkata sau ɗaya, na tare shi da cinya, ya tsaya. Da Giwa ce da yanzu muna neman mutum uku.

Azahar a Wadi Muhrim muka yi ta, cikin masu ɗaura harami. Gangarowa ba abin faɗi, sai dai da muka sauka ƙasa zafi ya dawo da ƙarfinsa, kuma daga Bahra zuwa gida mazaunin ya fara tuna mini cewa ba kujerar hakimi ba ce. Na iso da la'asar, wuya a sage, duwawu ba nawa ba. Da Giwa sai in je Madina, sama da kilomita 400, in sauka kamar daga gado na tashi. Wannan sai na nemi wanda zai ƙara masa soso, da ɗan ƙarfen da ke ɗaga kai sama kaɗan. Abin da ya yi mini daɗi dai shi ma da sandar ƙarfe yake juya tayar baya kamar ita, ba sarƙa, balle in riƙa durƙuso ina shafa mai da wannan gwiwar.

Mai sayen ya zo bayan isha'i da ɗansa. Dattijo ne haifaffen Makka, Hausarsa kaɗan ce amma gaisuwa ba ta gagare shi ba. Ina nuna masa inda ake duba mai, sai na ji takun Hajiya a matakala. Ba ta saba saukowa in da baƙi ba. Ta gaishe su, ta wuce kai tsaye wurin kujerar baya, ta buɗe ɗan aljihun da ke gefen majingini. Ban ma san da komai a ciki ba. Ta fito da carbi, da 'yar kwalbar humra, da wani tsohon rasit na wurin cin abinci a Yanbu wanda rubutunsa ya kusa gogewa. Ta haɗa su a bakin mayafi ta koma gefe.

Yaron ya haye kujerarta, ya baje hannu a kan madogaran nan biyu yana murmushi. Uban ya danna ribas, Giwa ta ja da baya da 'yar ƙararta har bakin layi, fitilun baya suka ɓace a kwanar masallaci.

Hajiya ta matso kusa da sabon, ta ɗora tafin hannu a kan mazaunin baya ta danna sau biyu.

"Nan ne nawa?"

Na ce ana sayar da akwatin baya mai majingini, in an ɗaura shi ba laifi. Na buɗe akwatin gefe na miƙa mata furen, ya ɗan yamutse da zafi. Ta shinshina, ta ce, "Ka fara kai gwiwar nan asibiti tukuna, Alhaji." Ta hau sama.

Na tura shi da ƙafa zuwa jikin bango, wurin Giwa. Zanen gadon ya yi masa yawa, sai da na ninka shi biyu.