Kwandon tarbar baƙin biki 'yan nesa

Baƙon da ya taso daga Legas ko Yamai ya iso Kano bayan isha'i, ba kofi mai hoton amarya da ango yake nema ba. Ruwa yake so, da abin da zai taɓa kafin ya kwanta, sai kuma ya san ƙarfe nawa ne ɗaurin aure gobe. Aikin kwandon tarba ke nan: daren farko da safiyar farko. Kayan rabo na wajen dina daban ne, kada a gwama su.

A ƙidaya ɗakuna, ba kawuna ba. Idan baƙi 60 za su kwana bibbiyu, kwando 30 ke nan, sai a ƙara uku ko huɗu, domin ba a rasa gwaggon da za ta zo da 'yar rakiya ba tare da ta faɗa wa kowa ba.

Ɗakin mutum biyu ya samu ruwan roba guda huɗu, dabino kamar goma, cincin cikin gwangwanin madara biyu, dublan ko alkaki huɗu, da ɗan ƙunshin kilishi ko dambun nama. A gefe guda kuma ƙaramin sabulu, makilin da buroshi biyu. Da hunturu a sa man kaɗanya ko basilin, don mutumin kudu leɓensa ke fara tsagewa. Da damina maganin sauro ya fi komai daraja. Idan masaukin gidan dangi ne ba otal ba, a tabbatar akwai buta, sallaya da silifas.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen haɗawa. Duk abin da aka soya da mai yana jan ƙamshi. A kwantar da sabulu ko turaren wuta kusa da cincin dare ɗaya, da safe cincin ɗin ɗanɗanon sabulu zai yi, kuma babu gyara. Kayan ƙamshi su shiga ledarsu a ɗaure tam, kayan ci a robobi masu murfi. Humra kuwa in murfinta bai kamu ba, ta tsiyaye, kwandon gaba ɗaya ya tashi aiki.

Cincin da dublan a soya su saura kwana uku, a bar su su huce sarai kafin a rufe. In aka rufe da ɗumi sai su yi gumi, su yi laushi. Dambun nama ma haka: wanda bai soyu ya bushe ba, kwana biyu a roba ya isa ya yi funfuna. Alkaki yana kiran tururuwa saboda zaƙinsa, don haka a ninka masa leda. Dabino a fasa guda biyar daga kowane mudu tun a kasuwa. In aka ga gari-gari a ciki, ƙwaro ya riga ku. Goro na dattawa ne, kuma ranar isowarsu ake sa shi, don a leda gumi yake yi ya lalace, a sarari kuma iska ta busar da shi ya yanƙwane. Zoɓo da kunun aya ba su da wuri a kwando, musamman daga Maris zuwa Mayu. Kunun aya kafin yamma ya yi tsami. Cakulan ma narkewa zai yi.

Shi kansa kwandon, na kaba irin na Kasuwar Kurmi ya fi kyan gani, amma jakar yadi ta fi amfani ga mai komawa a mota ko jirgi. Masu komawa Ingila ko Amurka a ce musu su cinye kilishinsu a nan, domin ba a barin shiga da nama can. Kwalbar turare da ta wuce mililita 100 kuma sai dai cikin babban akwati.

Abu mafi arha a kwandon shi ne takarda, kuma shi aka fi mantawa. A rubuta ranakun kamu, ɗaurin aure, wuni da kai amarya, kowanne da lokaci da wuri, da kwatance irin na baki (bayan masallacin Juma'a, kwana ta biyu), da lokacin da mota za ta zo ɗauka. A sa lambar mutum ɗaya da ba shi cikin hidimar girki ko kwalliya, don wayar uwar amarya ba ta ɗaguwa a ranar.

A liƙa sunan baƙo a jikin kwando, ba lambar ɗaki ba, domin otal na iya sauya ɗaki a ƙurarren lokaci. Mutum ɗaya ya kai su da rana kafin baƙi su iso, riƙe da jerin sunayen, yana sokewa ɗaya bayan ɗaya.