Ranar da monita ya rubuta sunana

Ina aji huɗu a firamare na fara shan bulala saboda Hausa. Fensirina ne ya faɗa ƙarƙashin benci, na ce wa na kusa da ni, "Don Allah miƙo min." Monita ya ji, ya rubuta sunana. Bulala uku na sha a gaban aji, malam yana faɗa cewa makaranta ba wurin yare ba ce. Shi kansa Bahaushe ne, kuma da an tashi da Hausa yake gaisawa da iyayenmu a bakin ƙofa.

Abin ya dawo min kwanan baya, da wani Bature da muke aiki tare ya tambaye ni, da fara'arsa, wane karin harshen Afirka nake ji. Na ce masa, karin wane harshe? Ya yi shiru. Ai kari reshe ne na wani harshe, kuma Hausa tana da nata. Basakkwace ya ce "ya zaka", Bakano ya ce "ya zo", kowa ya gane ɗan'uwansa. Kananci, Sakkwatanci, Katsinanci, Zazzaganci, waɗannan su ne kare-kare. Hausa da Yarbanci kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Ta wajen asali Hausa gida ɗaya take da Larabci da Amharik. A Turai, mutumin Norwe da na Suwidin sukan yi hira kowa da nasa, su fahimci juna, amma ana ce wa kowanne harshe. Mutanen Aislan ba su kai rabin miliyan ba, ba wanda ya raina nasu.

In rubutu ake nema, Nana Asma'u ta rasu tun 1864, ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ƙamus ɗin Hausa da Bargery ya wallafa a 1934 yana ɗauke da kalmomi kusan 39,000. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939.

Duk wannan na zayyana wa Baturen, na dawo gida ina jin na yi nasara. Da yamma maƙwabciyarmu, Bagwariya ce, ta tsaya bakin famfo tana yi wa 'yarta magana da harshensu. Ɗana ya rugo ciki yana dariya: "Baba, zo ka ji, Mama tana yare!" Gabana ya faɗi. A bakina ya koyi kalmar nan. Mu ne muke ce wa namu harshe, na sauran mutane yare. Mu ne in yaro ya kasa magana daidai muke cewa yana gwaranci, mun mai da sunan harshen al'umma guda ya zama sunan kuskure. Su Gbagyi suke kiran kansu, ko wannan ba mu damu mu riƙe ba. Ngas da Tangale da Bole 'yan'uwan Hausa ne na kusa, daga tushe ɗaya da ake kira dangin harsunan Cadi, su ma yare muke ce musu. Najeriya tana da harsuna sama da 500, kuma a Arewa da yawansu Hausa ce ke haɗiye su, ba Turanci ba.

Na lura yarinyar da Hausa take amsa wa uwarta. Washegari na tambayi uwar dalili. Ta sauke bokitinta, ta ce, "Malam, tana ji sarai. Yara ne suke mata dariya, shi ya sa ta daina."