Yini guda da jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya

Asabar.

Yau in ban da masallaci ban leƙa ko'ina ba. Tun bayan karin kumallo nake gaban kwamfuta ina tace bidiyon da zan nuna wa 'yan aji uku ranar Litinin, don mun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani ɗalibina ne ya turo shi ta WhatsApp, ya ce, "Malam, ga ainihin faɗan jiragen sama na 1917, don Allah a nuna mana." An shafa masa launi, an ɗora masa rugugin inji da ƙarar bindiga.

Abin akwai ɗaukar ido. Jirage na wulƙitawa cikin gajimare, ɗaya ya kama da wuta, sai ga fuskar matuƙi dab da kyamara yana cije leɓe. Fuskar nan ce ta tsayar da ni. Wa ya ɗauke ta? Kyamarar wancan zamani akwati ce mai nauyi da ake murzawa da hannu, jirgin faɗa kuwa yawanci mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma ta kansa yake yi. Na nemo fim ɗin Wings na 1927 na gwada, sai ga wuraren sun zo daidai. A Texas aka shirya shi, kusa da San Antonio, da jiragen sojan Amurka, wajen shekara takwas bayan an gama yaƙin. Daraktansa William Wellman ya tuƙa jirgin yaƙi a Faransa, ya san abin, amma yakan dakatar da aiki kwana da kwanaki yana jiran gajimare, domin a sararin da babu komai ba a gane gudun jirgi. Ke nan kyawun gajimaren ma alama ce ta shiri.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, na koma tsakar gida da sauran cajin da ya rage. A nan ne na shiga sassan da suka fi kama da gaskiya, kuma kusan dukkansu a ƙasa aka ɗauka. Ga makaniki ya kama farfela da hannu biyu, ya fizge ta, ya yi baya da sauri. Na rage gudun bidiyon ina kallo: injin gaba ɗaya ne yake juyawa tare da farfelar, ba ita kaɗai ba. Irin wannan inji da man zurma ake masa, yana fesa shi a fuskar matuƙi, shi ya sa za ka gan su da ƙyalle a wuya suna goge tabarau. Mutum biyu sun rataye fikafikai, wani ya janye katakon da ya tare taya. Daƙiƙa ashirin ɗin nan sun fi duk wulƙitawar can koyar da yaro yadda jirgin 1917 yake: katako, yadi, waya, da hannun mutane.

Akwai abubuwan da na rubuta a takarda don in nuna musu. Gicciyen jiragen Jamus mai faɗin baki an sauya shi zuwa miƙaƙƙe a watannin Maris da Afrilu na 1918. Duk jirgin da ka gani da miƙaƙƙen gicciye an ce maka 1917 ne, to an yi kure. Sai batun launi, wanda ya fi ci mini rai. Fim ɗin wancan lokaci yana mai da ja ya yi duhu, shuɗi ya yi fari-fari. Tambarin da ke jikin jiragen Ingila shuɗi ne a waje, ja a tsakiya; na Faransa ja a waje, shuɗi a tsakiya. A baƙi-da-fari kana iya bambance su ta inda duhun ya faɗa, amma wanda ya shafa wa bidiyon nan launi ya juya su a wuri guda, ya mai da Bature ɗan Ingila Bafaranshe. Gudun mutanen ma ba nasu ba ne: ana ɗauka wajen hoto 16 a daƙiƙa, yanzu ana haskawa a 24. Ƙarar kuwa duk ƙari ce, fim ɗin lokacin ba ya da murya.

Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, ai yara faɗan suke so, ka bar musu mana." Na ce zan bar shi, amma da sunan fim ɗin da shekararsa a rubuce a kan allo.

Har na gaskiyar ma ban sake masa jiki ba. Mafi yawansa masu ɗaukar hoton soja ne suka yi, kuma sai hukuma ta tace kafin jama'a su gani. Matuƙa na murmushi, suna wasa da kare. A watan Afrilun 1917 kaɗai Ingila ta rasa jirage 245, kuma matuƙanta ba a ba su lemar dirowa ba har yaƙin ya ƙare. Wannan ba ya cikin hoton, dole ni in faɗa da bakina. Abin da ya fi kusa da nuna shi shi ne jana'izar Manfred von Richthofen, shahararren matuƙin jirgin yaƙin Jamus, wanda aka harbo ranar 21 ga Afrilu 1918, sojojin Ostareliya suka binne shi washegari da faretin girmamawa, kyamara na ɗauka.

Zan rufe darasin da jiragen DH.9A guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, don ƙirar 1918 ce, 'yan gida ɗaya da waɗanda za su gani. Gobe bayan la'asar zan je aron majigi, sannan in cire ƙarar daga sassan ƙasa kafin in kwafe su.