Daren da ROLLBACK ya cece ni

Wani dare ina sauya fasalin teburan rumbun bayanan wata manhaja, wato inda take ajiye bayananta layi-layi, umarni bakwai a jere, sai na biyar ya ƙi tafiya. A lokacin na riga na ƙara ginshiƙai biyu, na kuma sauya wa wani teburi suna. Gabana ya faɗi. Allah Ya taimake ni a PostgreSQL nake, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, kuma da BEGIN na buɗe aikin, umarnin da ke haɗa sauye-sauye su zama dunƙule ɗaya da za a iya janyewa. Kalma ɗaya na rubuta, ROLLBACK, komai ya koma yadda yake kamar ban taɓa shi ba. Da a MySQL ne, wata manhajar rumbun bayanan, kowane ALTER TABLE, wato umarnin sauya fasalin teburi, yana zama daram da zarar ya gudana, sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina warwarewa da hannu.

Tun daga wannan daren, in aikin ya shafi kuɗin mutane ko bayanan da ba a so a samu kuskure, PostgreSQL nake ɗauka. Asalinsa aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986, kuma har yau ba kamfani ɗaya da ke da shi. Yana da tsauri. Ka ba shi abin da bai dace da ginshiƙi ba, zai mayar maka da shi. A da wannan tsaurin yana ba ni haushi, yanzu kuwa shi na fi so.

Amma fa yana son kulawa. In ka gyara layi, ba ya goge tsohon nan take, sabo yake rubutawa ya bar tsohon kwance har sai VACUUM, aikin sharar tsofaffin layuka, ya zo ya share. Na taɓa kashe sharar da yake yi da kansa don sabar, wato kwamfutar da rumbun yake kai, ta ɗan sarara, na manta ban mayar ba. Bayan wasu makonni teburin ya kumbura, binciken da a da ƙiftawar ido ne ya koma sai na zauna jira. Laifina ne. Haka kuma kowane haɗi da manhaja ta buɗe da shi yana cin nasa kason na ƙwaƙwalwar sabar, shi ya sa in masu shiga suka yi yawa sai an sa masa PgBouncer a gaba, wata ƙaramar manhaja da ke sa su yi tarayya a 'yan haɗi kaɗan.

MySQL ban raina shi ba. Tun 1995 yake aiki, WordPress, manhajar gina shafukan intanet, a kansa yake, Facebook ma ya girma a kansa, kuma kusan duk inda ka kama hayar sabar za ka tarar an girka shi. Abin da ke sa wasu ɗari-ɗari shi ne ya koma hannun kamfanin Oracle a 2010. Monty Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, ya ware ya kafa MariaDB, wani reshe da ya fito daga MySQL, tun 2009. Da farko kamar tagwaye suke, yanzu sun yi nisa da juna, don haka kada ka ɗauka sauya ɗaya da ɗaya abin wasa ne.

Sai SQLite na Richard Hipp, ƙaramin rumbun bayanai da ke cikin wayar da ke hannunka yanzu. Ba sabar, ba kalmar sirri, fayil ɗaya ne tak. Mai rubutu ɗaya yake karɓa a lokaci guda, saura su jira. Ƙaramar manhajar da nake ajiye lissafin ayyukana a kansa take, kuma in zan adana kwafi, rufe ta nake yi in kwafe fayil ɗin.