Abin da ya kai ni gaban kwamitin majalisar jiharmu a Amurka

Aikina a Amurka kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ina yi musu wanka, in ba su magani a kan lokaci, in dafa musu abin da likita ya yarda su ci. Kamfani ne ke biyana, amma asalin kuɗin daga Medicaid suke fitowa, wato shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da gwamnatin tarayya da jihohi suke haɗa kuɗi su gudanar. Saboda haka duk maganar da ta taɓa aljihun gwamnatin tarayya ta taɓa tukunyar gidana, ta kuma taɓa mutanen da nake ɗagawa daga gado kowace safiya.

'Yata ce ta kawo mini labarin daga makaranta. Ta ce, "Mama, kin san majalisar jiharmu na duba wani ƙuduri na neman a kira babban taron gyaran tsarin mulki?" A daren muka buɗe sashe na biyar na tsarin mulkin muka karanta. Gajere ne, sakin layi ɗaya tak. Hanya biyu ya bayar ta gabatar da gyara. Ta farko, kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai da na dattawa su amince. Ta biyu, majalisun jihohi kashi biyu cikin uku, wato 34 cikin 50, su nema, sai majalisar ƙasa ta kira taro. Kowace aka bi, gyaran ba ya zama doka sai jihohi 38 sun tabbatar da shi. Gyare-gyare 27 da aka yi zuwa yau duk ta hanyar farko suka biyo, ba a taɓa kiran taro ta hanya ta biyun ba. A Najeriya mun saba jin ana jiran majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince da abin da Abuja ta aiko. A nan jihohin suna da ikon tayar da maganar da kansu, kuma shugaban ƙasa ba shi da ta cewa a ciki.

An sha kusantar adadin. A 1969 yunƙurin Sanata Everett Dirksen kan rabon mazaɓu ya kai jihohi 33. A 1983 masu neman a tilasta wa gwamnati daidaita kasafin kuɗi sun kai 32. Ƙudurin da ke gaban majalisarmu na ƙungiyar Convention of States ne, wadda Mark Meckler da Michael Farris suka kafa a 2013, kuma zuwa 2022 ta sami jihohi 19. Abu uku take nema: a taƙaita kashe kuɗin gwamnatin tarayya, a rage ikonta, a kuma sa wa'adi ga masu riƙe da muƙamanta.

Na sa sunana cikin masu ba da bahasi ta shafin majalisa na intanet, na aika abin da zan faɗa a rubuce tun kafin ranar, na nemi abokiyar aiki ta riƙe mini aikin safe. Da na isa ɗakin ya cika da magoya bayan ƙudurin, yawancinsu sanye da riga iri ɗaya, da dama kuma masu ritaya ne. Kujerar da na samu kusa da wani dattijo ce, tsohon soja, wanda ya matsa mini da fara'a. Kafin a fara muka yi hira, kuma abin da ya faɗa ya zauna mini. Bashin ƙasar ya haura dala tiriliyan 36 tun ƙarshen 2024, jikokinsa ne za su biya. Shugaban ƙasa yana da wa'adi biyu tun gyaran 1951, amma ɗan majalisa yana iya shekara arba'in a kujera, kuma a 1995 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon sa wa 'yan majalisar ƙasa wa'adi. To in ba ta gyaran tsarin mulki ba, ta ina? Kuma wane ɗan majalisa ne zai kaɗa ƙuri'ar da za ta kore shi daga aiki? Ba ni da amsar da zan ba shi a kan wannan, kuma har yau ina ganin gaskiyarsa.

Da aka kira sunana, ƙafafuna suna rawa na tashi. Mintoci kaɗan ake ba kowa. Na faɗi aikina, sannan na jero tambayoyin da na nema na rasa amsarsu a cikin sashe na biyar. Wa zai zaɓi wakilan taron, mu talakawa ko 'yan majalisar jiha? Kowace jiha ƙuri'a ɗaya za ta samu, Wyoming mai mutane ƙasa da dubu 600 daidai da Kalifoniya mai kusan miliyan 39? In wakilai sun bar abin da aka aike su suka shiga wani, wa zai tsayar da su, wace kotu ce za ta karɓi ƙarar? Na ce musu 'yata a nan aka haife ta, kuma gyara na 14 na 1868 ne ya sa ta zama 'yar ƙasa. Gyara na farko na 1791 ne ya ba ni damar shiga ɗakin nan da lulluɓina. Ban zargi kowa a ɗakin da nufin taɓa waɗannan ba. Abin da na ce shi ne a wajenmu ba a cinikin biri a sama, kuma ina so in ga ƙa'idojin taron a rubuce kafin jihata ta sa hannu.

Wani ɗan kwamitin ya amsa mini cikin mutunci. Ya ce ko me taron ya fitar, shawara ce kawai, jihohi 13 sun isa su kashe ta. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma tarihi yana bayanta. Gyaran daidaita haƙƙin mata da maza ya wuce majalisar ƙasa a 1972, amma wa'adinsa ya cika yana da jihohi 35. Masu adawa kuma suna tuna taron Filadelfiya na 1787, wanda aka kira don gyara tsohuwar yarjejeniyar jihohi ya ɓuge da rubuta sabon tsarin mulki, har ya sauya sharaɗin amincewa daga dukkan jihohi 13 zuwa 9. Magoya baya suna cewa wancan taron ba a ƙarƙashin sashe na biyar aka yi shi ba, don haka ba misali ba ne. Manyan lauyoyi suna nan a kowane ɓangare. Marigayi alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia, wanda masu ra'ayin riƙau suke girmamawa, ya faɗa a 2014 cewa ba ya son a kira irin wannan taro, don babu wanda ya san abin da zai fito daga ciki.

A hanyar gida na gane cewa abin da ya fi damuna ba ya ma buƙatar taron ya kauce hanya. A ce komai ya tafi daidai, an fitar da gyara ɗaya da ya hana gwamnatin tarayya kashe fiye da abin da ta tara. Kusan duk jihohi suna da irin wannan doka a kansu, shi ya sa idan tattalin arziki ya karye, kamar a 2008 da 2020, tarayya ce ke cin bashi ta ƙara musu kuɗin Medicaid da na waɗanda suka rasa aiki. In aka ɗaure hannunta, a shekarar da haraji ya ragu a shekarar za a yanke. Ga kuma abin da duk mai irin aikina ya sani: dokar Medicaid ta wajabta wa jiha biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi, amma yawancin kulawar da ake yi wa mutum a gidansa zaɓi ce, jiha na iya rage ta. Tsohuwar da nake kai wa shayi a kicin ɗin da ta shekara hamsin tana girki a ciki, sa'o'inta ne za a fara zaftarewa. Bashin gaskiya ne, dole a magance shi, amma ina so mai neman gyaran ya faɗa da bakinsa wace hidima za a yanke, ta wa kuma.

Wani abin da na koya shi ne maganar ba ta bin layin jam'iyya yadda ake zato. Ƙudurin da ke gabanmu masu ra'ayin riƙau ne suka fi mara masa baya, amma jihohin masu sassaucin ra'ayi ma sun nemi taro: Vermont a 2014 don rage tasirin kuɗi a zaɓe, Kalifoniya a 2023 kan dokar bindiga. A ɓangaren adawa kuma za ka ga John Birch Society ta masu ra'ayin riƙau da Common Cause ta masu sassaucin ra'ayi, ƙungiyoyin da da wuya su haɗu a kan komai, suna faɗin abu ɗaya. Ko lissafin jihohin ma rigima ne. Wasu jihohi, irin su Maryland da Nevada a 2017, sun janye tsofaffin buƙatunsu, kuma tsarin mulkin bai ce ko janyewa tana aiki ba, bai ce ko buƙatar shekara arba'in da ta wuce tana nan da ranta ba, bai kuma ce ko za a haɗa buƙatu masu manufa daban a ƙirga su tare ba. Majalisar ƙasa ce za ta ƙirga, ita da ake son a rage wa iko.

Irin wannan ƙuduri ba a kawo shi gaban jama'a a akwatin zaɓe, kuma a mafi yawan jihohi ko sa hannun gwamna ba ya buƙata. Ɗakin kwamiti ne wurin da talaka zai yi magana a ji shi. Na lura 'yan kwamitin sun fi ɗaga kai idan mutum ya bar karanta takardar da ƙungiya ta rubuta masa ya faɗi abin da ya shafi rayuwarsa, ko yana goyon baya ko yana adawa. Babu wanda ya nemi fasfona a ƙofa, babu wanda ya raina lafazin Turancina.

Ranar ba a kaɗa ƙuri'a ba, zangon majalisa kuma ya ƙare ƙudurin bai fita daga kwamiti ba. Masu shi sun ce za su sake kawo shi, kuma na yarda za su yi, don sun fi mu tsari nesa ba kusa ba. Mun buɗe zaure a WhatsApp da matan da muke aiki tare, 'yan Nijar da Gana da Najeriya, 'yata ce ke duba jadawalin kwamitin kowane mako ta sanar da mu. Biyu daga cikinsu suna goyon bayan sa wa 'yan majalisa wa'adi, sun ce in zaman ya zo za su tashi su faɗi haka, ni kuma zan sake tambayar wa zai zaɓi wakilai.